Tambayoyinku da Amsoshinmu: Mai, Hayaƙi da Siyasar Kanada

Tun da tafiya Kanada ta yawaita daga nan Legas, wasu karatu ya kai su wasu neman abinci, wasiƙun da ke zuwa wannan fili game da ƙasar sun ƙaru, kuma ba dukansu ne kan biza da kuɗin makaranta ba. A wannan fitowa na ware guda biyar waɗanda suka taɓo batun mai da wutar lantarki da muhalli, domin a ganina rigimar da mutanen Kanada ke yi a kan waɗannan abubuwa ta fi kusa da tamu fiye da yadda nisan ƙasar ke nunawa. Na taƙaita wasiƙun, kuma kamar kullum na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tanka ne, ina lodi a Apapa. Ƙanena yana zaune a Edmonton, ya ce mini a da gwamnatinsu tana ɗora haraji a kan kowace litar fetur, sannan duk wata uku ta turo musu kuɗi ta banki, amma yanzu an soke duka biyun. Abin ya ɗaure mini kai. In za a mayar maka da kuɗin, me ya sa za a karɓa tun farko? Wannan ba tallafin mai ba ne aka sauya masa riga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Abin da ƙanenka ya gaya maka gaskiya ne, amma ba tallafin mai ba ne, kusan ma a ce kishiyarsa ne. Tallafin da muka sani a Najeriya yana rage farashin lita, saboda haka wanda ya fi kowa ƙona mai shi ya fi kowa cin moriya, kuma mai motoci shida a Ikoyi ya fi mai tura baro a Mile 12 amfana nesa ba kusa ba. Harajin hayaƙi na Kanada kuwa, wato wanda ƙanenka yake nufi, a lokacin da yake aiki ƙara wa lita tsada yake yi, sannan a tara kuɗin a raba wa gidaje bisa yawan mutanen gida, ba tare da an duba wanda ya sha mai da yawa ko kaɗan ba. Wanda ya ƙona kaɗan sai ya tashi da rara, wanda ya ƙona da yawa shi ke biyan bambancin, kuma kowa yana da dalilin rage ɓarna domin abin da ya rage nasa ne.

Lardin British Columbia ne ya fara shi a 2008, kuma gwamnatin da ta kawo shi ma ta masu ɗasawa da 'yan kasuwa ce. A 2018 gwamnatin Justin Trudeau ta yi dokar tarayya, wadda ta fara aiki a 2019 da dalar Kanada 20 a kan kowane tan na hayaƙin kabon, ana ƙarawa duk shekara har ya kai dala 80 a Afrilun 2024. A gidan mai wannan ya zama santi 17 da ɗoriya a kowace lita. Kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da aka tara gidaje ake mayar wa, kuma a Alberta, lardin da ƙanenka yake, gida mai mutum huɗu yana samun dala 450 duk wata uku a shekarar ƙarshe, wato 1,800 a shekara. Ofishin da ke bin diddigin kasafin kuɗi a majalisar dokokin ƙasar ya lissafa cewa in aka auna abin da gida ya biya da abin da ya dawo masa, mafi yawan gidaje ba su faɗi ba, musamman masu ƙaramin ƙarfi. Lardunan Alberta da Ontario da Saskatchewan sun yi ƙara, amma a Maris 2021 Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

To me ya kashe shi, tunda kotu ta wanke shi kuma lissafi yana bayansa? A ganina babban dalili shi ne harajin a fili yake, kuɗin da ake mayarwa kuwa a ɓoye. Kai da kake harkar mai ka fi ni sanin cewa babu farashin da mutum ke haddacewa kamar na lita, domin a rubuce yake da manyan lambobi a bakin titi, ko ba ka shiga gidan man ba sai idonka ya kai. Kuɗin da ake mayarwa kuwa sau huɗu kacal yake zuwa a shekara, ya faɗa asusu shiru, kuma bankuna da yawa suna rubuta masa sunan da ba ya nuna daga ina ya fito, har mutane da dama suka riƙa cewa su ba su taɓa ganin ko sisi ba. Sai a 2024 gwamnati ta sauya masa suna domin a gane shi, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsadar abinci da ta haya bayan annobar korona ta sa rai ya ɓaci, shugaban masu ra'ayin riƙau Pierre Poilievre kuma ya riƙa zagaya ƙasa da take guda, cewa a sare harajin, yana jingina masa duk wata tsada da ke damun mutane. Sannan Trudeau da kansa ya buɗe wa ɓaraka ƙofa a Oktoban 2023, da ya ɗage harajin na shekara uku a kan man ɗumama gida, wanda an fi amfani da shi a lardunan gabar Atlantika inda jam'iyyarsa ke da kujeru. Daga ranar kowa ya gane cewa dokar tana lanƙwasuwa in an matsa mata. Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau a jam'iyya ɗaya, ranar da aka rantsar da shi a matsayin firaminista, 14 ga Maris 2025, ya sa hannu a mayar da harajin da jama'a ke biya sifili daga 1 ga Afrilu. Wanda ake ɗora wa manyan masana'antu ne kawai ya saura.

Ni ina cikin masu ganin an yi asara, domin tsarin ya kama mai ɓarna ya saki talaka, kuma ba kasafai ake samun haraji mai irin wannan hali ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 a nan Legas. A makon na ga wata dattijuwa a tashar Agege, ta kwance ƙullin bakin zaninta ta ƙirga canjin da ke ciki sau biyu, da ta ga bai kai sabon kuɗin motar Ikeja ba sai ta mayar ta ƙulle, ta ɗauki kwanon da ta ajiye ta kama hanya a ƙasa. Abin da aka kira rage raɗaɗi ya zo a makare, kuma bai kai ga mafi yawan mutanen da na sani ba. A Kanada an mayar da kuɗin da gaske, amma don ba a nuna wa mutane shi ido da ido ba suka juya wa tsarin baya. To ina ga inda aka ƙara farashi tukuna, sannan aka fara tunanin yadda za a tallafa?

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce a Agege, ina koyar da darasin gwamnati. Ɗalibaina sun tambaye ni su waye masu neman sauyi a siyasar Kanada, na ce musu jam'iyyar Trudeau. Daga baya na ji cewa gwamnatinsa har bututun mai ta saya. Yaya mai rajin kare muhalli zai sayi bututu? Ko na ba yaran amsar da ba daidai ba ce?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Amsarki ba ta kauce gaba ɗaya ba, amma tana bukatar gyara. Jam'iyyar Liberal ta Trudeau da Carney jam'iyyar tsakiya ce, tana karkata wajen talaka in zaɓe ya matso ko in tana bukatar ƙuri'un wasu a majalisa, tana kuma komawa wajen kamfanoni in iska ta juya. Wadda aka fi kira ta masu neman sauyi ita ce NDP, da aka kafa a 1961 daga haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago da wata jam'iyyar manoma da ma'aikata mai ƙarfi a lardin Saskatchewan. Shugabanta na farko, Tommy Douglas, shi ne ya fara inshorar asibiti ta gwamnati a lardinsa, abin da daga baya ya game ƙasa. In kina neman misalin da ɗalibai za su kama da sauri, ki ambaci NEPU ta Malam Aminu Kano: ita ma NDP ba ta taɓa riƙe gwamnatin tarayya ba, amma ta sha tilasta wa masu mulki su saurari talaka. Akwai kuma ƙaramar jam'iyyar masu kare muhalli wadda Elizabeth May ta daɗe tana wakilta a majalisa.

Batun bututu kuwa ba za a gane shi ba sai an san cewa a Kanada arzikin ƙarƙashin ƙasa na larduna ne, saɓanin Najeriya inda tsarin mulki ya damƙa shi ga tarayya ana ba jihohin mai kashi 13 cikin 100. Mafi yawan man Kanada a Alberta yake, lardin da ba shi da gabar teku, saboda haka kusan duk abin da yake fitarwa Amurka yake sayar wa, sau da yawa a farashi mai rahusa tunda babu wani mai saye a kusa. Mutanen lardin suna kuma riƙe da tsohon ƙulli tun 1980, lokacin da mahaifin Trudeau, Pierre, ya kawo shirin makamashi na ƙasa wanda suka ɗauka a matsayin ƙwace musu arziki. Justin ya yi niyyar yin ciniki da su: ku karɓi harajin hayaƙi, ni kuma in ba ku bututu zuwa tekun Fasifik. A lokacin Rachel Notley ta NDP ce firimiyar Alberta, wato shugabar gwamnatin lardin, kuma ta amince. Da kamfanin Kinder Morgan, mai bututun, ya nemi janyewa a 2018 saboda ƙararraki da zanga-zanga, sai gwamnatin tarayya ta sayi bututun Trans Mountain a kan dala biliyan 4.5 ta ɗauki nauyin faɗaɗa shi da kanta. Aikin da aka yi wa kiyasin dala biliyan 7 da ɗoriya ya ƙare a kusan biliyan 34, ya fara aiki a Mayun 2024 da ƙarfin ɗaukar ganga 890,000 a rana daga Edmonton zuwa gabar Vancouver.

Akwai kwana biyu da nake so ki ba ɗalibanki, domin su kaɗai sun isa su nuna musu raba ƙafar da ake magana. Ranar 17 ga Yuni 2019 majalisar dokokin Kanada ta ayyana cewa sauyin yanayi ya kai matsayin gaggawa a ƙasar. Washegari, 18 ga wata, gwamnati ta sake amincewa da faɗaɗa bututun. Cinikin kuma bai yi riba ba, domin a shekarar ne Notley ta faɗi zaɓe, wanda ya gaje ta, Jason Kenney, dokar da ya fara yi ita ce soke harajin hayaƙi na lardin. Yau bututun yana nan yana aiki, harajin da aka saye shi dominsa kuwa ya tafi. A ra'ayina kuɗin jama'a masu yawa haka, da layukan lantarki da jiragen ƙasa da horar da ma'aikata aka zuba su, da sun fi amfani.

Kada kuma ki nuna wa yara cewa masu neman sauyin bakinsu ɗaya. Lokacin da Notley ke fafutukar a gina bututun, John Horgan, firimiyan British Columbia kuma ɗan jam'iyyarta, yana kotu yana neman a hana. Ita tana duba albashin masu walda da direbobin manyan motoci a filayen mai, shi yana duba gabar tekun da jiragen dakon mai za su riƙa ratsawa, kuma babu wanda za a ce damuwarsa ta banza ce. A zaɓen Afrilun 2025, da Donald Trump ya ɗora wa kayan Kanada haraji yana kuma cewa ƙasar ta zama jihar Amurka ta 51, magoya bayan NDP da yawa suka koma wa Carney don tsoron kada masu ra'ayin riƙau su ci, jam'iyyar ta tashi da kujera 7 cikin 343, shugabanta Jagmeet Singh ma ya rasa tasa. A Nuwamban 2025 Carney ya sa hannu a wata yarjejeniyar fahimta da firimiyar Alberta Danielle Smith wadda ta share fagen wani sabon bututu, tsohon ministan muhalli Steven Guilbeault kuma ya ajiye muƙaminsa a majalisar ministoci saboda haka.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Idi-Araba, da fitilar waya nake karatu in an ɗauke wuta. Wai da gaske a Kanada ba a ɗauke wuta? Daga ina suke samunta?

Amsa: Ɗana, ana ɗaukewa, amma sai in wani bala'i ya faɗo, kamar ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 da ya karya turakun lantarki ya bar miliyoyin mutane a duhu a lardunan Kebek da Ontario. Kusan kashi 60 cikin 100 na wutar ƙasar daga madatsun ruwa take, in ka haɗa da nukiliya da iska ya haura kashi 80 wanda ba ya fitar da hayaƙi. Tashar Robert-Bourassa ita kaɗai, a arewacin Kebek, tana da ƙarfin megawat 5,616, wato ta fi abin da babban layin Najeriya ke raba wa mutum fiye da miliyan 200 a yawancin ranaku. Abin da masu neman sauyi ke alfahari da shi shi ne wannan wuta ta jama'a ce: a 1963 gwamnatin Kebek ta saye kamfanonin lantarki masu zaman kansu ta haɗe su a Hydro-Québec, kuma har yau kuɗin wutar lardin yana cikin mafi sauƙi a Arewacin Amurka. Ontario kuma ta rufe tasharta ta ƙarshe mai aiki da kwal a 2014, kuma lardin da a 2005 ya yi kwana 53 ana gargaɗin mutane kan gurɓatar iska, bayan rufewar kusan an daina jin irin wannan gargaɗi. Sai dai madatsa ma tana da waɗanda take ci. Ruwan madatsun Kebek ya mamaye wuraren farautar al'ummar Cree, 'yan asalin ƙasar, kamar yadda Kainji ta tashi tsohuwar Bussa kafin a buɗe ta a 1968.

Tambaya: Malam, ni dillalin tumatir ne a Mile 12. Ina ruwanmu da hayaƙin Kanada? Ƙasa ce ta ƙanƙara, in duniya ta ƙara zafi ai su gaba ta kai su.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Su ma da yawansu haka suka ɗauka, har wuta ta iso ƙofar gida. Kanada tana ɗumama kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. Ranar 29 ga Yuni 2021 zafi ya kai digiri 49.6 a ƙauyen Lytton, zafin da ya wuce wanda ka sani a bazarar Kano, washegari gobarar daji ta cinye ƙauyen, kuma a wannan zafin mutum 619 suka mutu a lardin British Columbia, mafi yawansu tsofaffi a cikin ɗakunansu. A Mayun 2016 an kwashe mutum kusan 88,000 daga Fort McMurray, wato cibiyar haƙar man kanta, gidaje kimanin 2,400 suka ƙone. A 2023 wuta ta ci daji kusan hekta miliyan 15, hayaƙin ya rufe samaniyar New York, aka kwashe mutanen birnin Yellowknife.

Ruwanka da shi kuwa shi ne hayaƙi ba ya neman biza. Ɗan Kanada guda yana fitar da kusan tan 14 na hayaƙin kabon a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, kuma wannan lissafi bai haɗa da man da Kanada ke sayarwa waje ba, domin a ƙa'idar duniya inda aka ƙona mai can ake rubuta hayaƙinsa. Ba zan ce maka kowace ambaliya laifin wata ƙasa ba ce, tunda toshe magudana da gini a hanyar ruwa namu ne, kuma mu ma muna ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Dalta. Amma iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, in ta sake shi kuma da ƙarfi take saki. Ka tuna 2022, da ruwa ya datse hanya a Lokoja manyan motoci suka yi kwanaki a jere, da kuma ambaliyar Mokwa a Mayun 2025 a kan hanyar da kayan gwari ke bi zuwa nan. Kwandon da ya yi kwana huɗu a mota ka san yadda yake isowa, ruwa yana ɗiga ta ƙasansa, rabi ya zama baje, manomin Kadawa ya yi asara kai ma ka yi. Shi ya sa in masu neman sauyi a Kanada suka ce ƙasarsu ta rage hayaƙi kuma ta biya kasonta na taimakon ƙasashen da abin ke shafa, ni ba na ɗaukarsa sadaka, bashi ne.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne a Obalende, na yi aiki shekaru a Warri kafin in yi ritaya, kuma na ga abin da mai ya yi wa ruwa da gonakin mutane da idona. Yanzu ina jin ana maganar haƙar kwalta a Ondo da Ogun, ana cewa za a yi kamar Kanada. Shin mutanen da ke zaune kusa da wuraren haƙa a can sun fi na Neja Dalta jin daɗi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sun fi su samun kotun da ke sauraronsu, amma ruwansu bai tsira ba. Man Alberta yawancinsa ba ruwa ba ne da za a huda rijiya ya ɓulɓulo, kwalta ce cakuɗe da yashi, irin wadda ke Agbabu. Inda take kusa da sama sai a share daji, a kwashe ƙasa da motocin da ke ɗaukar tan kusan 400 a sahu ɗaya, a wanke yashin da ruwan zafi, kuma sai an sarrafa kimanin tan biyu kafin a sami ganga guda. Inda ta yi zurfi kuwa tururi ake turawa ƙarƙashin ƙasa ya narkar da ita, wanda ke cin iskar gas mai yawa. Ruwan da aka yi wankin da shi ba ya komawa kogi, ana tara shi ne a manyan tafkunan dagwalo a gefen kogin Athabasca, waɗanda yanzu ke ɗauke da fiye da lita tiriliyan ɗaya. A 2008 agwagin daji kimanin 1,600 suka sauka a ɗaya daga cikin tafkunan kamfanin Syncrude suka mutu, aka ci kamfanin tarar dala miliyan 3.

A ƙasan kogin akwai garin Fort Chipewyan na 'yan asalin ƙasar, masu rayuwa da kamun kifi da farauta, waɗanda suka yi shekaru suna kukan yawan cutar daji a tsakaninsu suna neman a yi cikakken bincike. A 2022 aka gano dagwalo yana tsiyaya daga ma'adinar Kearl ta kamfanin Imperial Oil, amma sai da aka yi wata tara kafin mutanen su sami cikakken labari, shi ma bayan wasu lita miliyan 5.3 sun malala a farkon 2023. Na tabbata wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenka, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Inda suka sha bamban da mu shi ne doka. Tsarin mulkin 1982 ya amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, a 2004 kuma Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓe su da gaske kafin ta taɓa ƙasarsu. Da wannan ne a Agustan 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke izinin faɗaɗa Trans Mountain, ta ce jami'ai sun je sun rubuta koken mutane ne kawai ba su tattauna da su ba. Duk da haka kada a ɗauka kullum suke nasara. Da sarakunan gargajiya na al'ummar Wet'suwet'en da ke British Columbia suka ƙi bututun gas ya ratsa ƙasarsu, 'yan sanda sun kama mutane, magoya bayansu suka tare layukan dogo a faɗin ƙasa a Fabrairun 2020, amma an gama bututun, kuma a 2025 jirgin ruwa na farko ya tashi da gas daga tashar Kitimat, inda bututun ya ƙare. Su kansu sun rabu, domin zaɓaɓɓun majalisun al'ummomin da ke kan hanyar sun sa hannu saboda aikin yi da kuɗin shiga. Sai dai babu wanda aka rataye, kamar yadda aka yi wa Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995.

Abin da nake so masu maganar yin kamar Kanada su amsa shi ne wa zai share wurin in an gama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. A Alberta ma, duk da dokokinsu, kuɗin jinginar da aka karɓa daga kamfanonin ma'adinai bai kai kashi ɗaya cikin goma na kiyasin aikin sharar ba, ga kuma dubban rijiyoyin da masu su suka karye suka bari. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kamfanin da ya durƙushe sai an fara rufe rijiyoyinsa da dukiyarsa kafin banki ya karɓi bashinsa. Ajiyar da ake cewa za a yi wa jikoki ma ba ta tafi yadda aka so ba: asusun da firimiya Peter Lougheed ya kafa a 1976 an daina zuba masa kuɗin mai a kai a kai tun 1987, kuma yau bai kai kashi 5 cikin 100 na asusun Norway ba, wanda aka kafa bayansa da shekara 14.

Saboda haka, Baba, in za a taɓa kwaltar nan, ni abin da zan nema shi ne a ajiye cikakken kuɗin shara a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa ba tun kafin a sare itace ɗaya, a auna ruwan rijiyoyi da ƙoramu a buga sakamakon kowa ya gani kafin a fara, kuma mutanen wurin su sami ikon cewa a'a, ba a tara su a ƙarƙashin rumfa a ba su shinkafa a ce an tuntuɓe su ba. Mu mazauna Legas ma muna da bakin magana a ciki, domin jijiyar kwaltar ta ratso ta ƙasar Ijebu, inda koguna ke gangarowa su zuba a tafkin Lekki, kuma daga wannan ruwa ne ake kamo kifin da ake sayarwa a kasuwar Epe.